Kundin zama a bakin teku: gishiri, tsatsa da lokutan ruwa

20 ga Janairu, 2024

Gidan da muka kama haya yana cin kayanmu, kuma ina so in san ta ina yake ci kafin in ci gaba da zuba kuɗi wajen gyara. Dalilin buɗe wannan kundi ke nan. Bene ne, mu muna sama, falo da baranda suna kallon teku, kuma in ka taka da ƙafa ba ka yi wata tafiya ba za ka ji rairayi a tafinka. Tun ba mu gama kwance kwalaye ba kaya suka fara nuna hali. Kwaɗon ƙofar baranda ya cije sai an ɗiga masa mai. Sarƙar keken yara ta yi ja. Ashana sai ka ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama. Tawul ɗin da aka shanya da safe, har dare yana nan da sanyi-sanyinsa. Gilashin taga kuwa a goge shi yau, jibi ya yi dishi-dishi, in ka shafa yatsa ka ji yana ɗan danƙo.

Abin da na shirya bai da wahala. Na yanka katako gida biyu, kowane na kafa masa ƙarafa iri ɗaya: ƙusar baƙin ƙarfe tsirara, ƙusa mai rufin tutiya, sukuru na sitenles iri biyu, guntun alminiyam da guntun wayar jan ƙarfe. Ɗaya na rataye a baranda ƙarƙashin rufi, inda iskar teku ke dukansa amma ruwan sama ba ya taɓa shi. Ɗayan na ɗaure a bayan gida, a fili. Duk mako zan ɗauke su hoto. Na kuma sayi ƙaramin ma'aunin danshin iska na ajiye a ɗakin kwana.

Uwargida ta tsaya tana kallona ina buga ƙusoshi, ta ce, "Baban yara, wannan kuma wane sabon aiki ne? Ka sayo mana wani kwaɗo kawai mu huta." Na ce mata kwaɗon zan saya, amma sai na san wane iri.

3 ga Fabrairu

Ma'aunin da na saya na masu arha ne, ban yarda da shi ba sai da na gwada shi. Gwajin ma da gishiri ake yi. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙa shi ba tare da ya narke ba, a sa shi da ma'aunin cikin roba mai murfi a rufe ruf, a bar su su kwana. Iskar da ke cikin robar za ta tsaya a danshin kashi 75 cikin 100, don haka duk abin da ma'aunin ya nuna ban da 75 kuskurensa ne. Nawa ya ɗan yi ƙasa, na rubuta bambancin a jikinsa da biro.

Wannan lamba ta 75 ita ce ta warware mini zancen danƙon gilashi. Gishiri yana shan ruwa daga iska, kuma da zarar danshi ya haura kashi 75 sai ya narke da kansa ya zama ruwan gishiri ba tare da an zuba masa ko ɗigo ba. Na teku ya ma fi haka muni. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kuma ba duka ne irin wanda muka sani ba. A ciki akwai gishirin magniziyam, wanda shi tun danshi yana wajen kashi 33 yake fara jiƙewa. Ke nan ƙurar gishirin da ta sauka a kan ƙarfe kusan ba ta bushewa. Ƙarfe yana nan a jiƙe dare da rana alhali ido na ganinsa a bushe.

Yadda take isowa gida kuma, ba feshin igiyar ruwa ba ne kai tsaye. Duk inda igiya ta fashe ta yi farin kumfa, ƙananan ƙwayoyin iska ne ke fashewa suna cilla ɗigon ruwa siriri sama. Ɗigon ya bushe a hanya, ya bar ƙwayar gishirin da ido ba ya gani, iska ta kwaso ta ta shigo da ita ta ragar taga. Ranar da teku ya yi fari da kumfa har can nesa, washegari gilashi ya fi dishi.

Danshin ɗakin kwana, da asuba, yana wuce kashi 80. Masu ba da shawara kan lafiyar gida suna cewa a riƙe shi ƙasa da 60. Akwai aiki.

25 ga Fabrairu

Duk wanda ka gaya wa gidanka na da danshi, amsarsa ɗaya ce: buɗe tagogi iska ta ratsa. A bakin teku maganar tana da ƙura, don iskar nan tana da lokutanta kuma ba kowace ke busar da kaya ba.

Ƙasa tana ɗaukar zafi da sauri ta kuma sake shi da sauri. Ruwa kuwa a hankali yake yin duka biyun. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗumi, iskar da ke kanta ta yi sama, sai ta teku mai sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Ita ce wadda ke kaɗa labule daga wajen azahar zuwa faɗuwar rana, mai daɗin nan da ta sa mutane ke son gidan da ke kallon ruwa. Ita ce kuma mai ɗauke da gishiri. Cikin dare abin ya juya: ƙasa ta huce ta fi teku sanyi, iska ta koma tana fita daga gari zuwa ruwa, a raunane. Wannan ba ta da gishiri, sai dai lokacin ne danshi ya fi yawa, saboda iska mai sanyi ba ta iya riƙe ruwa kamar mai ɗumi.

Tsakanin biyun akwai ɗan sarari, daga hantsi zuwa kafin azahar, lokacin da raɓa ta ɗauke, iskar teku kuma ba ta taso ba tukuna. Ma'auni ya tabbatar mini da shi. Yanzu a nan muke buɗe ko'ina, a ɗaga katifu, a wangale ƙofofin kabad, a fitar da shanya. Da labule ya fara motsi daga ɓangaren ruwa sai a kwashe shanya, a tura tagogin gaba, a bar na baya. Uwargida ba ta yarda da rufe falo gaba ɗaya da yamma ba, ta ce ba ta baro nesa ta zo bakin teku don a kulle ta a ɗaki ba. An yi sulhu: taga ɗaya tana nan a buɗe, amma talabijin da kwamfuta sun bar wannan bango sun koma na ciki.

12 ga Maris

Maƙwabcinmu na ƙasa dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa. Jiya da yamma ya ganni ina shirin ratsawa da yara ta bayan duwatsun da ke ƙarshen rairayi, ya ɗago hannu daga inda yake zaune.

"Ɗana, ka duba ruwa kuwa?"

Na ce, "Baba, ai ga shi can nesa, ya janye."

Ya ce, "Shekaranjiya wata ya ɓata. Nisan da ka ga ya yi, haka zai dawo da shi, har da ƙari. Ku zauna nan."

Muka zauna. Awa ta farko kamar ba abin da ke faruwa. Daga nan ruwa ya fara cin rairayi a gaban idonmu, kafin duhu ya yi hanyar da za mu bi ta dawo ta shafe, duwatsun sai kawunansu. Baba ya zana mini lissafin da yatsa a ƙasa. Daga ƙarshen janyewa zuwa cikar ruwa awa shida ne da 'yan mintuna. A raba hawan gida 12: awa ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin ruwan gaba ɗaya cikin awa biyun tsakiya yake zuwa, lokacin da baƙo ya riga ya saki jiki ya yi nisa.

Na dawo na saukar da jadawalin cikar ruwa a waya, na kuma zauna na bi bayanin. Wata yana jan ruwan da ke ɓangarensa fiye da yadda yake jan tsakiyar duniya, yana kuma jan tsakiyar duniya fiye da ruwan da ke ɗaya ɓangaren, sai ruwa ya yi tudu biyu, duniya na juyawa a ƙarƙashinsu. Shi ya sa a yawancin gaɓoɓi ake samun cika biyu a yini, tsakaninsu awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana jinkiri da wajen minti 50. Rana ma tana ja, amma tudun ruwan da take tayarwa bai kai rabin na wata ba. In suka jeru, wato ranar ɓatan wata da ranar da ya cika, sai ƙarfinsu ya haɗu a samu babbar cika da babbar janyewa, yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan haka. A mako na tsakiya kuma ruwa ya yi lamo. Isaac Newton ne ya fara bayyana dalilin a 1687, amma matuƙa jirgi sun san lokutan tun kafin a san dalilin.

Girman hawan ya danganta da ƙirar gaɓa. A mashigin Fundy na Kanada yana kaiwa wajen mita 16, a yawancin Bahar Rum kuwa ko rabin mita ba ya yi. Namu matsakaici ne, amma ya isa ya tare mutum a bayan dutse.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, wanda ya saba kallon wata ba ya buƙatar waya. Ka san kwanan wata, ka san yadda teku zai kasance.

6 ga Afrilu

Katakan sun fara magana, kuma abin da suka faɗa ba shi na zata ba. Na baranda, wanda ke cikin inuwa a killace, ya fi na fili lalacewa nesa ba kusa ba. Ƙusar baƙin ƙarfe ta kumbura tana ɓarewa. Na bayan gida ma ya yi tsatsa, amma sama-sama. Ɓangaren da yake kallo yana da hannu a ciki, ban musa ba, sai dai ko a jikin baranda kanta abin haka yake: ƙarfen dogarawa da yayyafi ke samu yana nan garau, wanda ke can ƙarƙashin rufi shi ne ya ci. Ruwan sama wanki yake yi. Inda bai kai ba, gishiri taruwa yake yi yana ƙara kauri.

Ƙusar tutiya ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, amma ba ja ko kaɗan. Tutiyar ce ke cinyewa a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kuma ranar da ta ƙare ranar tsatsa za ta fara. Wayar jan ƙarfe ta yi duhu tana neman komawa kore.

Sukuru biyun nan su ne suka biya ni wahalata. Ɗaya ya fito da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ɗayan yana ƙyalli yadda na kafa shi. Duka sitenles ne, ido ba ya raba su, maganaɗisu ma ba ya raba su. Na farkon shi ne mai lamba 304, wanda ake yawan samu, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel. Kuromiyam ɗin ne ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa, amma gishiri yana huda fatar nan ɗigo-ɗigo. Na biyun, 316, an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ke toshe wannan kafa. A kan noti da sukuru akan buga A2 ga na farko, A4 ga na biyu. Mai saye ya duba wannan tambari da idonsa, don mai sayarwa zai ce maka "ai duk ɗaya ne", kuma ba lallai ƙarya yake nufi ba. Nesa da teku kusan ɗayan ne.

Sai kuma tagogin alminiyam na gidan. Kowane sukuru da ke jikinsu an kewaye shi da farin gari, wasu ramin har ya buɗe suna lilo. Ƙarafa biyu mabambanta in suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, batir suka zama, kuma mai raunin cikinsu ne ke narkewa. A nan alminiyam ne. Masu jiragen ruwa da gangan suke amfani da wannan hali, su liƙa dunƙulen tutiya a ƙasan jirgi ya cinye a bar musu jirginsu. Humphry Davy ne ya gwada dabarar a 1824 a kan jiragen yaƙin Ingila masu rufin jan ƙarfe. Rufin ya daina cinyewa kamar yadda ya ce, amma sai ciyayi da ƙwarin ruwa suka manne masa, ashe narkewar jan ƙarfen ce ke korarsu. Ni dai nawa bai kai nan ba: na kwance kowane sukuru, na shafa giris, na sa masa zoben roba kafin in mayar.

An shigar da sabon aiki cikin na mako: bokitin ruwan daɗi da tsumma, a bi ƙarafan baranda, da tagogi, da keke, da injin esi na waje. Kwaɗon kuma an saya, na tagulla.

28 ga Afrilu

Fumfuna. Takalmin fata da bel su ta fara kamawa, sai jakar da ba a taɓa ba tun zuwanmu, sai bayan kabad inda ya manne da bango. An janye duk wani abu mai baya ya bar bango da faɗin tafin hannu, an ɗora katifar yara a kan gado mai ƙafa, kwalayen takarda an rabu da su an koma robobi masu murfi. An wanke bango da bilic, tagogi a buɗe. Wanda zai yi haka kada ya kuskura ya gauraya bilic da binega ko da wani maganin wanki mai amoniya, gubar hayaƙi suke fitarwa.

Wani abu game da esi: iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa wajen giram 30 a kowace kubik mita, mai digiri 20 kuwa wajen 17 kawai. In ka sanyaya ɗaki ƙwarai sannan ka kashe ka buɗe ƙofa, iskar waje ta shigo ta taɓa bango mai sanyi, rarar ruwan a nan za ta zube. Mun daina kai shi ƙasa sosai. Na kuma sayo injin tsotse danshi na sa a ɗakin da littattafai suke. Kowace safiya sai an zubar da ruwan da ya tara, kuma har yau yaran ba su daina mamakin daga ina ya fito ba.

19 ga Mayu

Ruwan famfo ya canza. Sabulu ba ya kumfa, kuma in ya taɓa leɓe ana jin ɗan gishiri-gishiri. Gidan da rijiyar burtsatse yake aiki, an kuma ƙara gina wasu benaye biyu a layin, kowane da tasa.

Baba ya ce ba sabon abu ba ne, duk lokacin da aka daɗe ba ruwan sama haka take yi. Bayanin da na samu ya dace da maganarsa. A ƙarƙashin garin bakin teku ruwan daɗi yana zaune ne a kan ruwan gishiri, don ya fi shi sauƙin nauyi da kashi 1 cikin 40. Wasu masana biyu, Ghyben na Holan da Herzberg na Jamus, su suka fitar da lissafin fiye da shekara ɗari da suka wuce: duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara teku tsayi, akwai wajen mita 40 nasa a ƙasa. Juya lissafin ka ga abin tsoro. In famfuna suka zuƙe ruwan ya sauka da mita ɗaya, na gishiri zai iya hawowa da mita 40. Don haka shawarar da wani ɗan haya ya kawo, wai a ƙara wa rijiyar zurfi, ita ce ta fi kowace muni. Zuwa za a yi a tarye shi a hanya.

Na aro ɗan ma'aunin nan mai kama da biro da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 kuma sai ya fara gagara. Namu ya haura. Tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara masa ƙarfi ma take yi, matatar kyandir ma ba ta tare shi. Sai irin matatar da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin siririyar fata, ita kuma tana zubar da ruwa mai yawa. Mun sa ƙarama don na sha kawai.

Zuƙar ruwan ƙasa tana da wata illar da ta fi wannan, don ƙasar kanta zaunawa take yi. Arewacin Jakarta yana nutsewa shekara bayan shekara saboda haka, yana kuma cikin dalilan da suka sa Indunusiya ta yi dokar gina sabon babban birni, Nusantara, a 2022. Tokyo ta taɓa shiga wannan hali, ta taƙaita haƙar ruwan ƙasa, nutsewar ta kusan tsayawa. Abin yana da magani ke nan, amma ba maganin gida ɗaya ba ne.

8 ga Yuni

Jiya da dare an yi ruwa mai ƙarfi, kuma ya faɗo daidai kan cikar teku, kwana ɗaya bayan ɓatan wata. Kwatar layinmu cikin teku take zuba. Bakinta ya nutse, ruwan sama ya rasa mafita, sai ya dawo ta baya yana bulbulowa ta ramin tsakar gida, baƙi ƙirin da wari. Mu na sama kallo muka yi ta taga. Su Baba kuwa har cikin falo. Na sauka muka ɗaga kujeru kan bulo da fitilar waya a baki. Da teku ya fara janyewa, ba wanda ya taɓa komai, ruwan ya zurare da kansa.

An yi irin wannan ruwan sama a watan jiya ba abin da ya faru, don a kan janyewa ya sauka. Yau da safe 'yan haya mun zauna, an amince a haɗa hannu a sa wa bututun tsakar gida murfi mai buɗewa ta gefe ɗaya, ruwa ya fita amma kada ya dawo. An kuma ɗaga injin famfo daga ƙasa.

Baba ya ce da yana saurayi ruwa ba ya kaiwa nan. Na yarda da shi. Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya ce teku ya ƙaru da wajen santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 yana hawa da milimita 3.7 a shekara. A takarda ba ya ba da tsoro. Amma tsakanin bakin kwatarmu da dokin ƙofar Baba, duka-duka nawa ne?

14 ga Yuli

Yaran sun matsa sai sun shiga ruwa, don haka na nemi gaɓar da ke da masu ceto. Na nufi wani wuri da na ga ya fi ko'ina kwanciya, babu kumfa, ruwan ya yi duhu luf tsakanin igiyoyi biyu masu fashewa. Wani saurayi mai usur a wuya ya sha gabana.

"Yallaɓai, ba nan ba. Nan ne ma ya fi ko'ina haɗari."

Ya nuna mini da hannu. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru ya sami rami a cikin rairayi ya bi ta nan da gudu zuwa ciki. Zurfin ramin ne ya hana igiya fashewa a wurin, shi ya sa yake kama da wurin hutawa. Da na ƙura ido sai na ga tarkace da rairayi suna tafiya a jere suna barin gaɓa. Mai ƙarfi yana iya gudun mita biyu da rabi a daƙiƙa, ya fi kowane gwanin iyo sauri. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Gajiyar kokawa da shi ce ke kisa. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga layin, don ba shi da faɗi sosai.

Dokar gidanmu yanzu: tsakanin tutoci masu ja da ɗorawa kawai, in an kafa ja zalla kuma ko ƙafa ba a sawa. An sa su ajin koyon iyo a kwarmin wanka. Ni ma an rubuta sunana, ajin manya, da safe kafin aiki.

11 ga Agusta

Guntun kankare ya ɓalle daga rufin baranda ya faɗo, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. A gurbinsa ga rodi nan ya yi jawur yana ɓarewa. Gishiri yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodi, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta tura siminti ya tsage daga ciki.

Mai gidan ya zo da magini, suka ce a shafe da filasta a yi fenti. Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka rufe shi haka, baɗi war haka wani ya faɗo, kuma ya fi wannan girma." Abin da ya kamata shi ne a fasa har inda rodi yake da lafiya, a kankare shi ya yi fes ta ko'ina har bayansa, a shafa maganin tsatsa, sannan a cike da simintin gyara. Rairayin da za a kwaɓa da shi kuma kada ya zama na gaɓa. Ya ce zai duba. Na ƙwanƙwasa sauran rufin da guduma, duk inda ya yi ƙarar fanko na zagaye shi da alli, wurare ba ɗaya ba. An hana yara baranda.

21 ga Satumba

Wata ya cika ranar 18, yana kuma kusa da duniya, ga shi lokacin da dare da rana ke daidaita, wanda a nan ake samun manyan cikar shekara. Teku ya hau har ya taɓa bangon titin gaɓa. An yi ruwa shekaranjiya, murfin bututu ya riƙe. Tsakar gida ta tara na sama kaɗan, amma na kwata bai dawo ba. Baba ya ce sai an riƙa buɗe shi ana cire leda, leda ɗaya ta isa ta hana shi rufuwa. An raba aikin bi da bi.

Janyewar ma ta yi nisa, ta bar laka da ciyawar ruwa a rana, garin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hayaƙin kibritu ne, kuma shi ne ya mayar da zoben azurfar uwargida baƙi a cikin durowa. Ta goge shi, yanzu a ƙulle yake cikin leda da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

19 ga Oktoba

Inda aka kwana. Danshin ɗakin littattafai yana zama kusa da kashi 60, na ɗakin kwana yana wasa a wajen 70, kuma fumfuna ba ta dawo bayan kabad ba, sai a takalman da aka manta. Injin tsotse danshi yana aiki amma yana shan wuta, ina gwada kunna shi daga asuba zuwa hantsi kawai. Ruwan rijiya ya gyaru bayan ruwan sama, ma'auni ya sauko, sai dai na san aro ne. Maganar tankin tara ruwan rufi tana gaban 'yan haya, mutum biyu ba su amince ba tukuna. Ƙusar tutiya ta baranda ta fara ja a kai, sukurun 316 yana nan yadda yake, don haka duk abin da zan canza daga yanzu, daga hinjin ƙofa zuwa ƙugiyar shanya, da shi za a yi. Magini ya fasa wurare biyu cikin waɗanda na zagaye, ya yi su yadda ya kamata, sauran an ce sai bayan wata.

Sabuwar matsala ta ɓullo a soket ɗin falo, wanda ke bangon gaba. Fulogi yana ɗumi in an sa dutsen guga. Na kashe layin daga babban makunni na buɗe, sai ga bakin wayoyin sun yi kore, sukurun da ke matse su ya ci rabi. Wannan ba aikina ba ne. Layin yana nan a kashe, mai gyaran wuta ya ce zai zo Talata, kuma na ce masa ya taho da shirin buɗe na ɓangaren teku duka.